Birki Sau Uku a Hanyar Wara

Ana kiran assalatu muka tashi, ni da Baba, ranar kasuwar Wara. Inna ta rako mu har zaure tana jera mana addu'a kamar Makka za mu, alhali hanyar da Baba ya yi shekara ashirin da uku yana bi ce, har ramukanta sun san sunansa. 'Yan ajinmu da kuka dame ni in ba ku labarin sabuwar motar da na shiga lokacin hutu, to ga shi. Na san dariya kuke jira. Akwai ta a ciki. Amma kada wata ta ce ban gaya mata ba, ni ba ta yi mini daɗi ba.

Babana direba ne. Motar da yake ja tun kafin a haife ni ta wani Alhaji ce a nan Yelwa, tsohuwa mai bodin katako da bencina, wadda duk tasha ke kira Mai Tari. In aka tayar da ita da safe, kajin unguwa uku ne ke farkawa a firgice. Bana Alhaji ya sayar da ita ga wani mai jigilar itace, ya sayo sabuwar safa daga Kudu. Mota ɗaya, direba biyu: Baba, da wani saurayi da ya koyo tuƙi a Ikko, shi ya sa ake ce masa Ɗan Ikko. Alhaji ya ce a gwada su. Baba ya kai ta Wara, Ɗan Ikko ya dawo da ita, wanda ya fi iya ta shi ke da mabuɗi. Wanda ya rasa kuwa ya rasa ke nan, don Mai Tari ta riga ta tafi, kuma mu bakwai ne ke ci daga wannan sitiyarin.

Abin da aka gaya wa mutane shi ne za ni gaida gwaggona a Wara. Gaskiyar magana aiki aka ɗauke ni. Baba yana hango akuya tun tana shawarar tsallaka titi, amma ƙananan abubuwan da ke gaban hancinsa dishi-dishi yake ganinsu. Tabarau kuwa ba ya sawa, domin a tasharmu ranar da direba ya sa gilashin ƙarin gani, ranar ake fara yi masa jaje. Mai Tari agogo ɗaya gare ta a gaban direba, shi ma ya mutu tun ana kashe fam. Sabuwar kuwa agogo shida, kowane da allurarsa da ɗan mitsitsin rubutun Turanci. Mutumin da ya kawo ta ya ce ɗaya daga ciki na iskar birki ne, kada a bari allurarsa ta faɗa ja. Daga nan ya hau motar komawa garinsu, bai ƙara da komai ba. Shi ne Baba ya ja ni gefe. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kama sunana.

"Uwata, ki zauna bayana. Idonki ga wanga agogo na iska. In allura ta doshi ja, ki taɓa mani kafaɗa. Kada kowa shi sani."

Na ce, "Baba, wannan ai ko ina barci."

Ku riƙe wannan maganar tawa.

Mun isa tasha gari na wayewa, muka tarar kamar ana rabon shinkafa kyauta. Kowa ya zo kallo. Tana tsaye fara fat, doguwa, lambarta sabuwa dal, ko ƙuda ya sauka a jikinta sai ya zame. Tun kafin mu zo har an raɗa mata suna, Baturiya, wai don fara ce kuma ba ta jin Hausa. Direbobi sun kewaye ta kamar masu tayin saniya. Wani ya yi ta laluben gabanta yana neman inji, bai samu ba, sai da aka zagaya da shi baya aka nuna masa. Ya riƙe baki ya ce, "Motar da injinta ke baya, in ta yi ciwo wa ka jin nishinta?" Akwai wani tsohon abokin Baba da ke jan mota a hanyar Shanga, ina ce masa Kawu, shi Alhaji ya roƙa ya bi mu ya zama alƙali. Kawu ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Wagga ai agwagwa ta. Ciki ƙasa-ƙasa, wutsiya har gobe. Hanyar Shanga ko bisa kai anka ɗauke ta, ba ta zuwa."

Ɗan Ikko yana jingine da ƙofa sanye da baƙin tabarau. Ku lura, baƙin ba laifi ba ne a tasha, farin ne abin kunya. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ba motar Shanga ba ce. Motar mutane ce."

Alhaji ba ya yarda a ƙona mai a banza, saboda haka gwajin da fasinja aka yi shi, har da ƙarin sule biyar a kan kuɗin da aka saba, wai kuɗin laushin kujera. Aka cika da 'yan kasuwa, masu atamfa, masu gishiri da sabulu, da wata baiwar Allah mai garwar manja da ta rantse ba za a ɗora mata ita a sama ba, a cinyarta za ta riƙe. Alhaji ya zauna a kujerar gaba kusa da ƙofa, cikin farar shadda mai ƙamshin sabunta. Mai manja tana bayansa daidai. Ni ina bayan Baba. Kawu da Ɗan Ikko suna tsakiya.

Tun a bakin tasha na gane akwai magana. Sitiyarin Mai Tari sai ka ci malmala uku kake iya murɗa shi, shi ya sa damtsen Baba ya yi kamar na ɗan kokawa. Na Baturiya kuwa ko atishawa ka yi sai ta canza hanya. Baba ya murɗa da ƙarfin da ya saba, sai ga mu muna neman shiga teburin mai shayi, mai shayin ya tsallake kwata da butarsa a hannu, ko ɗigo bai zubar ba. Baba ya daidaita ta, muka hau kwalta. Ina jin sa yana magana ƙasa-ƙasa, "Ba ta da nauyi ga hannu. Ban jin ƙasa." Yana ta karkatar da kai yana neman muryar inji don ya san lokacin canza giya, babu abin da ke shiga kunnensa sai kiɗan Indiya, domin Ɗan Ikko ya saka kaset tun kafin mu tashi. Baba ya roƙi a kashe. Alhaji ya ce fasinja sun biya kuɗin kiɗa.

Amma dai a kan kwalta, gaskiya motar nan daɗi gare ta. Ba girgiza, ba hayaƙi, ba ƙusa mai yaga zane. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugun mutum, fadamun shinkafa sun yi shar, itatuwa suna ta gudu baya. Wata tsohuwa ta tambaya ko mun tashi ne ko har yanzu lodi ake.

A Birnin Yauri aka fara. Dole in bayyana muku birkin Mai Tari kafin ku gane. Ba ya kamawa a taku ɗaya, sai an yi masa famfo. Taku na farko sallama ne, na biyu roƙo, a na uku ne take amsawa. Duk tsofaffin direbobin tasharmu haka ƙafarsu ta saba, ɗaya, biyu, uku, ko tunani ba sa yi. Baturiya kuwa birkin iska gare ta, kana taɓawa ta cafke. Wani fasinja ya ɗaga hannu a bakin hanya, ƙafar Baba ta yi abin da ta sani. Duk motar muka yi ruku'u sau uku babu liman. Wani tsoho hularsa ta riga shi isa gari. Alhaji ya gaisa da gilashin gaba har sau uku, kamar sun daɗe ba su haɗu ba. Mai manja ta ƙanƙame garwarta tana salati, ta tsira da ita. Aka yi dariya, har da Baba, amma tasa iya leɓe ta tsaya. Na sayi dafaffiyar masara ta taga, biyu sule, mai zaƙi, da gyaɗa sabuwar haƙa. Na leƙa agogon iska. Allura ta ɗan sauka, ta koma. Na ce ashe aikin nawa ma ba aiki ba ne.

A Malando muka yi ban kwana da kwalta, muka kama jar hanyar burji mai zuwa Ngaski da Wara. Hanyar nan ruwan sama ya ci rabinta, rabin da ya rage shanun Fulani sun gama da shi. Kambari suna ta huɗa a gonaki da manyan galmominsu, suna ɗagowa suna kallonmu kamar jirgin sama ne ya ɓata hanya. Can gaba akwai wani rafi da kwalbatinsa ya karye tun bara, motoci sai su gangara cikin ruwa su haura. Baba ya tsaya, ya sauka, ya naɗe wando, ya shiga ruwan yana taka ƙasa da tafin ƙafa kamar mai neman abin da ya faɗi. Ya dawo, ya ja da baya, ya shigar da motar a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, sannu sannu, har muka haura ko ƙasa ba ta taɓa ba. Alhaji ya duba agogon hannunsa.

"Malam, kasuwa za mu, ba kamun kifi ba."

"Alhaji, wutsiyarta doguwa ta. In anka shiga kai tsaye, zama za ta yi."

Babu wanda ya ce masa sannu.

Bayan rafin ramuka suka yi yawa. Kowane rami birki uku, kowane birki motar ta yi tsaki daga ƙasa, fiss, fiss, fiss. Da farko na kafa wa allurar ido kamar kyanwa a bakin rami. Ta sauka, ta hau, ta sauka, ta hau. Na gaji. A bayana akwai 'yan mata biyu sa'o'ina da za su biki, kuma kun san halina in na samu masu dariya. Na fara kwaikwayon Alhaji, yadda kansa ke sunkuyawa sau uku hularsa na bi daga baya. Suka fashe. Na yi musu Kawu yana leƙen ƙarƙashin agwagwa. Na yi musu mai shayi yana tsalle da buta. Har mai manja sai da ta toshe baki da gyale. Kasuwa ta buɗe mini, na juya gaba ɗaya, na durƙusa a kan kujera, na ba agogon baya.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Mun wuce Ngaski, muna cikin wani dogon gangare, sai na ji wani siririn kuka kamar na gyare yana fitowa daga gaban direba. Na ɗauka cikin kiɗan ne. Baba ma haka ya ɗauka, ina zai sani? Da na waiwaya, allurar tana kwance cikin ja kamar a nan aka haife ta. Taɓawa aka ce in yi. Ni kuwa duka na kai masa a kafaɗa. Ya firgita, ƙafarsa ta amsa, ɗaya, biyu, uku.

Baturiya ta ƙame a tsakiyar hanya kamar an ɗaure ta da igiya daga baya. Wannan karon ba ruku'u muka yi ba, sujada ce. Garwar manja ta bar cinyar mai ita, ta yi sama, murfin ya yi nasa wuri, ta juye a kan Alhaji tun daga hula har takalmi. Farar shadda ta koma kamar tsumman mahauta. Sabbin kujeru uku suka sha, gilashi ya sha, har rufin motar sai da ya ɗanɗana. Da a ce wani direban ne, da har yau ina kwance ina dariya. 'Yan matan nan suka dube ni suna jiran in fara. Ban fara ba.

Baba ya sa giya, ya ba ta wuta, ta ƙi motsi. Sai ga Ɗan Ikko ya taso daga tsakiya, a hankali, yana tsallake manja don kada ya ɓata takalminsa.

"Iska ce ta ƙare, Baba. Wannan birkin ba a yi masa famfo. Duk taku ɗaya, iska kake zubarwa. In ta ƙare, motar da kanta take kulle ƙafafunta. Sai a bar inji ya sake tarawa."

Kawu ya ce, "Kai da kas san haka, mi ya hana ka faɗi tun Birnin Yauri?"

"Haba Kawu. Ni wa, in koya wa babba tuƙi?"

Alhaji yana share manja daga gemu da gefen riga, abin sai ƙara yaɗuwa yake. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, ba ka ga allura ba?"

Nan fa na gane inda na jefa shi. In ya ce bai gani ba, idonsa ya tonu. In ya ce ni ya sa in duba, idonsa ya tonu, ni ma na tonu. Na buɗe baki zan yi magana.

"Na gan ta, Alhaji. Ƙafata ce ta riga ni," in ji Baba. Bai ko waiwayo ba ya ƙara da cewa, "Uwata, taya baiwar Allah kwashe manjanta."

Muka yi ta kwasar manja da murfin kwano, matar tana kuka tana cewa jarinta ke nan, har inji ya tara iska, kukan gyaren ya ɗauke. Sauran hanyar Baba da hannu ɗaya ya tuƙa. Ɗayan yana kan gwiwarsa ta dama, ya danne ta, don kada ta yi taku na biyu. Ni kuwa ko ƙiftawa ban yi ba har Wara. Allurar ba ta ƙara motsi ba, 'yar baƙin ciki.

Wara gari ne da ruwa ya zo har ƙofarsa ya zauna. Tabkin Kainji ba a ganin ƙarshensa, sai ka rasa inda ruwa ya tsaya sama ta fara. Jiragen ruwa masu inji suna ta sauke mutane daga tsallake, da awaki, da kekuna, da buhunan hatsi, jirgi ɗaya har da gadon ƙarfe. Sarkawa da Gungawa sun baje kifi a bakin gaɓa. Na ga giwan ruwa da ya kai ƙofar ajinmu tsawo, in kun rage kaɗan ma ba zan yi fushi ba. Bandar kifi kuwa kwando-kwando, warinta na shiga tufafi ya yi sati. Kifin da Inna ke ciniki rabin yini a kansa a Yelwa, a nan shi ake ba yara gyara. Gwaggo ta yi mini tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, irin wanda nake mafarkinsa a makaranta in an ba mu wake. Na ci loma uku na ce na ƙoshi. Ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.

Ta ba ni kwanon Baba in kai masa. Na same shi a gindin mangwaron tasha, direbobin Wara sun zagaye shi da Kawu, ana ta shari'ar Baturiya. Wasu daga cikinsu Alhaji ya bar su sun ɗan zagaya da ita filin kasuwa, don haka kowa da bakinsa. Wani ya ce tafiyarta kamar jirgi a kan tabki ranar da babu iska. Wani ya ce motar ragwaye ce, ko matarsa za ta iya murɗa sitiyarin tana tankaɗe. Wani ya ce a kwana tana kwanciya gefe kamar mai jin barci, shi bai yarda da ita ba. Wani kuma mai tafiya a duƙe ya ce su daina ƙarya.

"Shekara goma sha biyar ina jan katako, ku dubi bayana. In anka ba ni wagga, wallahi ko a cikinta a bizne ni."

Aka ce Baba ya faɗi nasa, tunda shi ya taho da ita. Ya daɗe yana wanke hannu.

"Mota ce mai kyau. Ba ta yi mani ƙarya ba. Amma ba ta magana. Mai Tari in taya ta taka yashi, hannuna ka ji. In inji ya gaji, gwiwata ka jin zafi nai. In mai ya kusa ƙarewa, muryarta ka canzawa. Wagga ko mutuwa za ta yi, sai dai ta rubuta maka takarda."

Aka yi dariya, ban da tsofaffin cikinsu.

Da ya gama ci muka taka zuwa bakin ruwa don ya wanke kwano. Ya nuna mini can tsakiya, inda babu komai sai ruwa, ya ce akwai hanya a ƙarƙashin wurin, a kanta ya fara riƙe sitiyari. Lokacin da aka datse kogi ruwa ya taso, da Mai Tari ya yi ta kwasar kayan mutane zuwa sabbin garuruwan da aka gina musu, turame, tukwane, har ƙofofin ɗaki. Na ce, "Baba, ni ce." Ya miƙo mini kwanon.

"Ƙafa tawa ta, Uwata. Kai ma gwaggonki kwanonta."

Da azahar aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ɗauke. Aka yi lodin kwandunan banda, muka juyo, Ɗan Ikko a sitiyari, Baba a kujerar can baya. Alhaji ya sayi wata 'yar shara a kasuwa ya saka, ta ɗame shi kamar an naɗe buhu. Zan faɗi gaskiya ko da tana ci mini rai: yaron nan ya iya motar. Da yatsu biyu yake murɗa ta. Birkinsa kamar uwa na kwantar da jariri. Yana kauce wa ramuka yana rera waƙar kaset, fasinja har gyangyaɗi suke. Na yi ta addu'a a raina ko akuya ɗaya ta faɗo masa, duk awakin Ngaski ranar suka shiryu.

Muka iso rafin. Ruwa ya ƙaru, ya yi ja. Baba ya ɗaga murya daga baya, "Yaro, a karkace." Ɗan Ikko ya dube shi ta madubi ya ce, "Baba, ƙarfin da ke cikin injin nan ya fi garken shanu." Ya faɗa rafin kai tsaye. Gaba ya haura lafiya. Tayoyin baya suna sauka cikin kwarin, wutsiya ta daki gaɓa, ta zauna daram. Ya ba ta wuta, tayoyi suka yi ta juyawa suna haƙa wa kansu kabari. Ga inji a baya, ruwa na lasar gefensa. Ɗan Ikko ya cire baƙin tabarau, ya bi agogon nan shida da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk suka ce lafiya lau. Babu wanda aka yi don laka a cikinsu.

Baba bai ce ai na faɗa ba. Da ni ce, sai an ji ni a Sakkwato. Ya tuɓe rigarsa ya ba ni, ya ce kowa ya sauka, a sauke banda. Ya taka zuwa wata gona, ya gaisa da Kambarin da ke wurin da harshensu, ya dawo da galma biyu da maza huɗu. Suka haƙe ƙasar da ke ƙarƙashin wutsiyar. Ya kwanta rubda ciki cikin laka ya kafa jak a kan faffaɗan dutse, a ɗaga, a cusa duwatsu, a sauke, a sake ɗagawa. Ya sa aka saro rassa aka shimfiɗa. Ya fi awa guda, har sai da idonsa kawai ake gani. Da ya gama, Kawu ya ce wa Alhaji, "To ka bar shi shi fid da ita, shi ya san inda yas sa duwatsu nai."

Alhaji ya dubi Baba daga sama har ƙasa, ya dubi kujerar direba.

"Da wagga laka? Manja bai isa ba?"

Don haka Ɗan Ikko ne ya koma sitiyari. Baba ya tsaya a baya cikin ruwa yana ba shi umarni, "Giya ta biyu. Kada ka ba ta wuta. Hagu. Hagu nac ce. Sannu. Yanzu!" Ya sa kafaɗa tare da Kambarin nan, tayoyi suka watsa masa laka a fuska, Baturiya ta yi nishi ta haura. Mata suka rangaɗa guɗa, maza suka yi tafi, duk suka ruga wajen tagar direba. Ɗan Ikko ya mayar da tabaransa, ya ɗaga musu hannu. Baba yana can a durƙushe yana laluben jak a cikin ruwa.

A kan matakalar ƙofa ya zauna har Yelwa, bisa wani tsohon buhu, don kada ya ɓata kujera. Ba wanda ya ce ya zauna a nan. Ba kuma wanda ya ce ya tashi.

Mun shigo tasha rana ta yi ja. Direbobi suka taru, Alhaji ya ce Kawu ya yanke. Kawu ya ce, "Wanga ya iya mota, wancan ya iya hanya. Ni in ɗiyana za su shiga, wanda ya iya hanya nika ba." Alhaji ya gyaɗa kai kamar ya yarda, sannan ya ce, "Hanya ai gwamnati za ta zuba mata kwalta. An ce da rani." Tun ban fara tafiya ba ake faɗin wannan ranin. Ya miƙa wa Ɗan Ikko mabuɗi. Ya ce Baba ba za a yar da shi ba, ya riƙa zama a tasha yana kiran fasinja, in damina ce kuma ya riƙa bin motar ranar kasuwa, saboda rafi. Wato a ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar jak.

Maganar tana bakina, ni ce, ni aka sa, ni na juya baya. Na haɗiye ta, domin na riga na ga abin da ya biya don kada a ji ta. Baba ya ce, "Allah shi sa albarka, Alhaji." Ya juya ga Ɗan Ikko ya ce, "Yaro, rafin nan, a karkace." Ya karɓi rigarsa a hannuna, muka taka zuwa gida.

Inna ta yanka zakara tun da hantsi, har ta gaya wa maƙwabta su saurari hon a ƙofar gida. Da ta ga lakar, da hannunsa babu komai, sai ta gane. Ta ɗora ruwan wanka.

Kuna so in faɗi abin da tafiyar ta koya mini, kamar yadda ake rufe irin wannan labari. Masara ta fi araha a Birnin Yauri. Kada ki zauna gaban mai manja. Direbobi goma sun faɗi ra'ayinsu a kan Baturiya, kuma duk gaskiya suka faɗa, amma ra'ayin mai farar shadda kaɗai aka ɗauka. Watakila ko da na kafa wa allurar nan ido har ya tsiyaye, da haka za a ƙare, Kawu ma ya ce tun ranar da aka sayo motar aka gama gwajin. Watakila. Amma abu ɗaya tak aka ba ni in duba, na sayar da shi a kan dariyar 'yan mata biyu da ko sunansu ban sani ba.

Bayan kwana biyu Baba ya aike ni kasuwa in sayo masa tabarau, farin. Ya ce babu sauran wanda zai ɓoye wa, kuma in na ga dama in rubuta. Yana sawa ya yi karatunsa a zaure da safe, bai koma tasha ba har yau. Ranar kasuwar Wara, Baturiya ta kan bi ta bakin layinmu, ba ta da ƙara, sai dai hon. Baba ba ya ɗagowa daga littafinsa. Amma ni ina ganin ƙafarsa ta dama. Daidai lokacin da motar za ta sha kwanar masallaci, sai ta danna tabarma, ɗaya, biyu, uku.